Kilishi Da Tsire: Suna Linzami Ne

Duk wanda ya san Jidda ya san tsire da kilishi sun daɗe da zama 'yan gida. Kakanninmu da suka zo aikin Hajji suka zauna, su suka kawo sana'ar. Sai dai yau ciniki ya koma intanet, kuma duk wanda ya riga yin rajistar adireshi da sunan kilishi, ko bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba, shi masu saye za su fara tararwa.

Ƙwato irin wannan adireshi ba wasa ba ne. Ƙa'idar da hukumar ICANN ta kafa a 1999 ta ɗora wa mai ƙara sharuɗɗa uku: ya nuna yana da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan, wanda ke riƙe da adireshin ba shi da hujjar riƙe shi, kuma da mugun nufi ya yi rajistar, yake amfani da ita. Sharaɗin farko ne ya kayar da ƙungiyar masu giyar yankin Shamfen na Faransa a 2011, lokacin da ta nemi adireshin champagne.co a gaban hukumar WIPO da ke Janiba. An ce mata kariyar sunan yanki daban, tambarin kasuwanci daban. In masu wannan ƙarfi sun faɗi, ina ga mai tukuba?

Jamhuriyar Nijar ta yi abin yabo a 2021, da ta sa hukumar OAPI ta yi wa Kilishin Nijar da albasar Galmi rajista. Amma wannan kariya ta tsaya ne a ƙasashe 17 na hukumar, babu Saudiyya babu Najeriya a cikinsu.

Mu a ganinmu, kalmar kilishi ta kowa ce, bai kamata wani ya mallake ta shi kaɗai ba. Abin da za a iya karewa shi ne tambarin haɗin gwiwa, wanda ƙungiya ke riƙewa a madadin 'ya'yanta bisa sharuɗɗan tsafta da inganci, kuma dokar tambari ta ƙasashen Tekun Fasha da Saudiyya ke aiki da ita ta amince da shi.

Don haka muna kira ga dattawan mahauta da matasanmu masu ilimin doka a Jidda da su zauna, su tsayar da suna ɗaya, su yi masa rajista tare da adireshinsa. Tun ran gini, tun ran zane.