Sabuwar magana, sabon saƙo

Malamai da iyayen yara na Madawa, Buza da Keita, ina da koke kan yadda muke aika imel. Da yawanmu in za mu kawo sabuwar magana, sai mu buɗo tsohon saƙo mu danna "amsa", don ƙyuyar sake rubuta adireshi.

Kowane imel yana ɗauke da ɓoyayyar lamba, amsa kuma tana tafe da lambar saƙon da ta amsa. Da lambar nan manhaja irin Thunderbird ke jera amsoshi ƙarƙashin saƙon farko, ko da an canza take. Gmail ma yakan dunƙule su muddin taken bai canza ba. Ta haka sanarwar rajistar jarrabawar BEPC kan shige ƙarƙashin gaisuwar Sallah. Darakta bai gani ba, wa'adi ya cika, yaro ya yi asarar shekara.

A ganina "ai na aika" ba hujja ba ce. Sabuwar magana, a buɗe sabon saƙo, a sa take bayyananne: sunan lakwal, aji, ranar ƙarshe. In abin ya shafi makomar yaro, a bi shi da kiran waya.