A Japan "Ni" Biyu Ne, "Shi" Kuwa Huɗu

Jama'a, a shekarar 1928 aka fara shirin motsa jiki a rediyon ƙasar Japan, kuma har yau ana watsa shi da ƙarfe 6:30 na safe. To, da likita ya gargaɗe ni cewa zaman ofis ya fara tara mini tumbi, sai na ari al'adarsu har da ƙirgensu: ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi. In an kai takwas sai a koma farko. Wannan "shi" ɗin kuwa lafazinsa ɗaya da kalmarsu ta mutuwa, shi ya sa a wasu wuraren sukan ce "yon". Yau mako uku ke nan, ƙirge ya zauna daram, amma tumbi ko gezau.