Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Ina neman alfarmar ku saurari wata buƙata.

Ku ne kuka buga littafin Farfesa Mahdi Adamu a 1978, wanda ya bi sawun fatake da malaman Hausawa har kasuwar goro ta Salaga a ƙasar Gwanja, kuka kuma buga na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a 1981, wanda ya warware yadda mulkin Katsina ya sauya tun daga 1400 har zuwa 1883, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai duka biyun da Turanci aka wallafa su, alhali kuwa dattawan da aka zauna a zaurukansu aka ɗebi riwaya daga bakinsu, da malaman soro masu adana takardun kakanni cikin gafaka, galibinsu sai dai su ji labari.

Saboda haka ina roƙon ku naɗa masana su fassara littattafan biyu da Hausa, ba tare da an zubar da hujjojin da ke hashiya ba, domin da su ɗalibi ke rarrabe tahƙiƙi da shaci-faɗi. In da hali kuma, a fitar da wasu da ajami.