Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Duk shekara jami'o'inmu na yaye dubban ɗalibai, kuma da zarar sun gama hidimar ƙasa, zukatan mafi yawansu wurare uku suke kallo: Abuja, Legas ko Kano. Ba a ga laifinsu ba, domin a can manyan ma'aikatu suke, a can kuma kuɗi ke juyawa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a ɗaure kaya: bayan an biya haya da kuɗin mota, me zai rage wa mutum a albashinsa, me kuma zai rage masa a yininsa?

Mu ɗauki Abuja. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a can a watan Disamba 1991, tsakiyar birnin ta zama ta masu hali. Ƙaramin ma'aikaci a Maraba ko Masaka ta jihar Nasarawa yake kwana, ko a Suleja ta jihar Neja. Ya fita da asuba, ya dawo bayan isha'i ya tarar yara sun yi barci. Mai gida na neman kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a 2024, bai iya kamo shi ba. Irin wannan bawan Allah sunan zama a Abuja kawai yake da shi.

Alhali kuwa Arewa ba ta rasa garuruwa matsakaita da mutum zai rayu cikin rufin asiri ba. Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ta samu jami'ar tarayya a 2011, kuma tsakaninta da kasuwannin Kano tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Gombe, wadda ta zama hedikwatar jiha a 1996, tana da jami'a da asibitin koyarwa na tarayya, sannan jiharta ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, abin da ya mayar da ita mahaɗar fatake. Zariya kuwa tun 1962 take ɗauke da Jami'ar Ahmadu Bello, ga asibitin Shika. A irin waɗannan garuruwa ma'aikaci na iya komawa gida ya ci abincin rana, ya je jana'izar maƙwabci, ya duba littattafan 'ya'yansa kafin magariba.

Wannan ba yana nufin kowane ƙaramin gari aljannar duniya ba ne. Mai son zaɓe da hankali sai ya auna abubuwa huɗu.

Na farko ruwa. Kada a tsaya ga jin cewa gari na da madatsar ruwa. A tambayi matan unguwa sau nawa famfo ke kawowa a mako, nawa kuma 'yan ga-ruwa ke sayar da kura. Zariya, duk da tarin iliminta, ta daɗe tana fama da wannan matsala. Ruwan yana da wata fuska kuma: fashewar madatsar Alau a watan Satumba 2024 ta shafe unguwanni a Maiduguri, zaizayar ƙasa kuma ta daɗe tana cin wasu sassan Gombe. Fili mai araha a bakin kwari shi ne mafi tsada a ƙarshe.

Na biyu abin da garin ke ci da shi. Garin da albashin gwamnati ne kaɗai jininsa, ranar da aka yi jinkirin biya har mai shayi sai ya ji a jikinsa. Gara garin da ke da wata ƙafa ta daban, kamar Potiskum da kasuwar shanunta, ko Haɗejiya da kifinta da shinkafarta, ko Funtuwa da audugarta da hatsinta.

Na uku asibiti da makaranta. Kyan ginin ba shi ne abin dubawa ba. Idan naƙuda ta zo da gardama da ƙarfe biyun dare, akwai likitan da zai yi tiyata, ko sai an kama hanyar wani gari?

Na huɗu aminci, a cikin garin da kuma hanyoyin da ke kaiwa gare shi. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris 2022 ya koya mana cewa gari da hanyarsa abu ɗaya ne.

Gaskiya ne akwai sana'o'in da sai babban birni, kuma baƙo a wata jiha yakan yi karo da batun takardar shaidar asali idan ya nemi aikin gwamnati. Wannan gyaran na gwamnoni ne. Gwamnan da ke son likitoci da malamai da masu jari su zauna a jiharsa, ya sani famfo mai ruwa da adalci ga baƙo sun fi gadar sama jan hankalinsu.

Shawarata ga matashi ita ce, kafin ya yanke hukunci ya ziyarci garin sau biyu: a watan Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta rijiyoyi suka ƙafe, da kuma a watan Agusta, lokacin da damina ke tona asirin kowace unguwa. Ya kwana, ya shiga kasuwa, ya zauna a majalisar dattawan unguwa ya saurara. Garin da ya karɓe shi a waɗannan watanni biyu, zai iya riƙe shi da iyalinsa sauran watanni goman.