Ɗaure Tiyon Baƙin Mai Da Roba Ba Gyara Ba Ne

Ɗan uwa mai tsohuwar a-kori-kura, ko Canter, ko Dyna, idan kullum da safe kana tarar da tabon baƙin mai a ƙarƙashin motarka, maganar nan taka ce. Ra'ayina shi ne, duk tiyon da ya fara yoyo a layin filta canza shi ake yi. Ɗaure shi da robar taya, ko shafa masa gam, ko yawo da galan kana ciko, duk wasa da inji ne.

A wasu motocin filtar ba a jikin inji take ba. An ajiye ta gefe, tiyo ɗaya yana kai mata mai, ɗaya yana dawo da shi. Wasu kuma tiyon yana bi ta wajen sanyaya mai. Wurin da ya fi yoyo shi ne inda aka matse roba da ƙarfe, don zafi da shekaru suna busar da robar.

Man da ke bi ta nan ba a kwance yake ba, famfo ne ke tura shi. Idan mota na tafiya ƙarfinsa yana kaiwa ba 2 zuwa 4, zafinsa kuma wajen digiri 100, kamar tafasasshen ruwa. To wace robar taya ce za ta riƙe wannan? Ɗigon yau gargaɗi ne. Ranar da tiyon ya fashe, famfo zai zubar da man cikin minti ɗaya ko biyu, metal ya ƙone, karanshaf ya ci, inji ya buga. In kuma man ya fesa kan salansa mai zafi, gobara ce.

Na san abin da za ka ce: ba kuɗi, kuma in mota ta kwana a gareji gida ba cefane. Gaskiya ne. A tsakiyar daji, ɗaurin da zai lallaɓa da kai gari ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka iso gari ka manta da shi. Lissafa kuɗin litar da kake ƙarawa duk mako na wata uku, ka kwatanta da kuɗin tiyo biyu, sannan ka tambayi bakanike nawa ne sauke inji.

Kafin ka sayi komai, gano inda yake zuba. Wanke wurin da kalanzir, ka bari ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙasa. Tada motar, ka haska da tocilan ɗin wayarka, ko ka ɗauki bidiyo, amma ka nisanta hannu da riga daga fanbel. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka nemi wuri mafi sama da ya jiƙe. Wani lokacin ba tiyon ba ne, washar jan ƙarfe ce a bakin noti, ko tsohuwar robar filta ta manne aka ɗaura sabuwa a kanta.

In tiyon ne, canza duka biyun, tunda shekarunsu ɗaya. Kar ka yarda a sa maka tiyon ruwa na lagireto, mai yana kumbura irin wannan robar har ta yi laushi. Kuma na gwanjo a Ƙofar Ruwa ko Panteka wataƙila ya girmi naka, araha ba ta ado. In ba a samu sabo ba, kai tsohon wajen masu matse tiyon haidurolik na tifa da katafila, su yi maka daidai tsawonsa da tiyo mai jure mai da zafi. A sa sababbin washa, kar a matse noti da ƙarfin tsiya, kuma tiyon kar ya goga da ƙarfe ko ya kusanci salansa.

Bayan gyara, tada ta ta yi zafi, kashe, duba geji, sannan ka sake leƙawa washegari. Jar fitilar mai kuwa in ta kama kana tafiya, sauka gefe ka kashe nan take. Kar ka ce bari na ƙarasa tasha.

Tura wa direban da ka san yana yawo da galan a bayan kujera.