AN SALLAME SHI DAGA ASIBITI, TO SAI ME?

Jama'a, babu kasuwar da ba ta da nata. Duk wanda ya daɗe yana kasa kaya ya san wani wanda dā yake da rumfa, ko yake dako, ko yake karatu, yau ga shi yana zaga layi cikin tsumma yana magana shi kaɗai. In ka bi sawun labarinsa, sau da yawa za ka tarar an taɓa kai shi asibiti, ya kwanta makwanni, ya dawo garau har ya koma sana'arsa. Daga nan fa sai magani ya ƙare, ranar komawa ganin likita ta zo ta wuce ba wanda ya tuna, kafin a ankara ciwo ya dawo sabo. Sai ka ji ana cewa ai wannan ciwo ba ya jin magani. Mu ba mu yarda ba. Ciwon ya ji magani, tun da kowa ya ga mutumin ya dawo cikin hankalinsa. Abin da ya faru shi ne, tun daga ranar da ya fita ƙofar asibiti ba wanda ya sāke waiwayarsa.

Ciwon da muke nufi shi ne irin taɓin hankalin nan da likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke jinsu, ko ya haƙiƙance ana binsa, ko an sa masa guba a tuwo, tunaninsa ya wargaje, ya janye daga mutane. Yawanci yana kama mutum ne a ƙuruciya, daidai lokacin da iyaye suka fara sa rai zai ɗauke musu nauyi. A 1922 ba wanda ya san maganinsa, amma tun daga shekarun 1950 akwai ƙwayoyi masu kwantar da shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 24 ke ɗauke da shi, watau ɗaya cikin kowane 300. Ku auna wannan da yawan jama'ar kasuwarku ranar da ta ci.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. A 2012 masana suka tattara gwaje-gwaje 65 suka buga a mujallar likitoci ta Lancet. Cikin kowane mutum 100 da suka ci gaba da shan magani, 27 ne ciwo ya dawo musu cikin shekara guda. Cikin 100 da aka janye wa magani kuwa, 64. Sa'an nan an tabbatar watanni ukun farko bayan sallama su ne mafi haɗari wajen mutum ya hallaka kansa. Watau lokacin da dangi suka yi ajiyar zuciya suka ce an huta, a lokacin ne aikin ya fara.

Kada kowa ya yi saurin zargin majinyaci da taurin kai. Maganin nan yana da nasa wahalar. Wani yakan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba. Wani yakan sa barci mai nauyi, wani ya sa ƙiba. Ɗan dakon da zai yi sammako ya ɗauki buhu, ka ba shi ƙwayar da za ta kwantar da shi har hantsi, ba ka kuwa gaya masa likita na iya rage ta ko ya canza masa wata ba, ai jefar da ita zai yi. Ga kuɗin maganin, ga kuɗin mota. Mutumin ƙauye da zai je Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, shi da mai raka shi, wuni guda ne cur ba ciniki. Ga kunya kuma, don ba mai so a gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa alhali yana neman aure. Likitocin su ma ba su da yawa: a 2019 an ƙiyasta ba su kai 300 ba a Nijeriya duka, ga mutane sun haura miliyan 200.

To, a nan ne maganar waya ta shigo. Yanzu waɗansu ƙasashe suna bin majinyaci har gida ta wayar hannu, kuma ya kamata mu duba da idon basira mu ga inda abin ya ci da inda ya faɗi.

A ƙasar Sin, a karkarar Liuyang cikin lardin Hunan, an gwada da mutum 278 masu wannan ciwo, manoma talakawa irin namu. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka bar su yadda aka saba. Kashi ɗaya kuwa kowa aka zaɓa masa mai kula da shi, yawanci ɗan gidansu, aka riƙa aika musu saƙon waya kullum, na tuni a sha magani da na ƙarin ilmi game da ciwon. Mai kula ɗin nan an koya masa alamun dawowar ciwo da na illar magani, in ya gani ya sanar ta waya, ma'aikatan lafiya su bi sawu. Da aka buga sakamako a 2019, cikin waɗanda aka bari haka nan wajen 20 cikin 100 sun koma gadon asibiti, cikin masu samun saƙo kuwa wajen 7 ne kacal. Amma fa ku lura da abu biyu. Mutanen nan duka suna samun magani kyauta daga shirin gwamnatinsu. Kuma kowane saƙo yana da mutum mai rai a wannan gefe da mutum mai rai a wancan.

A ƙasar Cek ta Turai kuwa, sun ƙago wata dabara mai suna ITAREPS. Kowane mako majinyaci da ɗan'uwansa suna amsa tambayoyi goma ta saƙon waya, kwamfuta ta auna, in ta ga alamar ciwo zai tashi ta aika wa likita gargaɗi. Dabara ce mai kyau ƙwarai a takarda. Amma da aka yi mata gwajin gaske aka buga a 2012, ba a ga bambanci a jimla ba, domin sau da yawa gargaɗi ya isa amma likitoci ba su ƙara magani yadda aka tsara ba. Ɗan aike ya kai saƙo, mai gida bai fito ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Binin an gwada aika wa majinyata saƙon tuni 'yan kwanaki kafin ranar ganin likita, aka buga a 2017, aka ga masu samun saƙon sun fi dawowa. Saƙo ne na 'yan nairori, bai kai kuɗin goro ba. Tun kafin a san da wayar hannu, a 1954, Dakta Lambo a Aro kusa da Abekuta ya riga ya gane asirin: ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa da ya rako shi, suna zuwa jinya da rana suna kwana cikin jama'a. Abin da waya ta ƙara kawai shi ne, yanzu ɗan'uwan ba sai ya bar gonarsa ko rumfarsa ba.

Mun san abin da kan faru in aka ji sabon abu irin wannan. Gobe wani zai zo da jaka da majigi, ya nuna wa manya wata manhaja mai ƙyalƙyali wadda sai babbar waya ke ɗauka, a ba shi kwangila, a yi biki a ɗauki hoto, shi ke nan an gama. Talakan da wayarsa 'yar ƙarama ce mai madanni, wanda sai ya kai ta shago ya biya a yi masa caji, me zai yi da wannan? Tsohuwar da ke jinyar ɗanta, ba ta karanta boko, balle Turanci? Abin da zai yi mana amfani shi ne saƙon murya da Hausa, da kira daga ma'aikaciyar jinya wadda ta san majinyacin da sunansa, da lamba guda ta kyauta wadda in uwa ta buga da tsakar dare ta ce yaron nan kwana uku bai runtsa ba, wani zai ɗauka ya gaya mata abin yi.

Akwai kuma maganar asiri. A gidajenmu waya ɗaya mutum biyar ke amfani da ita. Saƙon da ya fito fili ya ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, in ya faɗa hannun kishiya ko maƙwabcin rumfa, yana iya kashe aure ko ya kori masu ciniki. Ga shi kuwa wannan ciwo shi kansa yakan sa mutum ya yi zaton ana leƙensa ta waya. Saboda haka lalle a tambayi majinyaci tukuna, shi zai zaɓi lambar da za a riƙa kira da wanda zai tsaya masa, in ya ce a daina a daina. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, sai a bi ta.

A watan Janairu na 2023 ɗin dai aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Dokar ta tanadi asusu na musamman domin wannan aiki. Muna so a fito a gaya wa jama'a nawa aka zuba a ciki, nawa kuma zai tafi wajen kula da mutum bayan an sallame shi. Muna so kada a sallami kowa sai an rubuta lamba biyu, tasa da ta mai kula da shi, an kira shi cikin makon farko, an tuna masa ranar dawowa, in bai zo ba a neme shi. Maganin kuwa, har da allurar nan ta wata-wata wadda ke hutar da mutum daga haɗiyar ƙwaya kullum, a sauko da shi ɗakin shan magani na kusa, a farashin da mai sayar da barkono zai iya. In ba haka ba, saƙon tuni ga wanda ba shi da kuɗin magani ai ƙarin baƙin ciki ne, ka ce wa mai yunwa lokacin cin abinci ya yi.

Ku kuma 'yan kasuwa, akwai naku. Wayoyin da ke aljihunku kuna tura kuɗi da su, kuna jin farashin hatsi a Dawanau kafin mota ta iso. In ɗayanku ya dawo daga asibiti, ƙungiyar layinku ta sa mutum ɗaya da ya yarda da shi ya ajiye ranar ganin likitansa a waya, a cire masa kuɗin mota daga asusun taimakon juna, a riƙe masa rumfarsa kada a ba wani. In kun ga ya daina barci, ya daina wanka, ya fara zargin abokan zama ba dalili, kada ku jira sai ya tuɓe riga yara sun bi shi da ihu. Ku kira ɗan'uwansa a ranar, ku tambaya ko maganin ya ƙare.