A Bar Taswira Ta Zaɓa Mana Wurin Shan Iska

Tun da garin Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha a 1991 yake ta buɗewa, daga Gesse da Badariya har hanyar Kalgo, ana yanka filaye ana sayarwa. A cikin wannan rabo, ina kason yaran da ke buga ƙwallo a tsakiyar titi? Abin da muka saba gani a garuruwanmu shi ne, sai an gama rabon sannan a tuna da su, a nuna wani kwari da kowa ya ƙi, a ce nan ne wurin shaƙatawa.

Alhali kuwa akwai hanyar da ta fi wannan. Masana labarin ƙasa kan ɗora taswira bisa taswira a kwamfuta: ta yawan jama'a, ta tituna, ta tudu da gangare, ta inda ruwa ke kwanciya da damina, da ta inda inuwar itatuwa ta rage. Wurin da ya tsallake waɗannan matakai shi ake warewa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da Sentinel kyauta ne, haka ma manhajar QGIS. Saboda haka batun tsada bai taso ba.

A kwarin Rima ruwa ne alƙalin farko. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, ya san fadama ba wurin zuba siminti ba ce. A matsayina na ɗalibin harshe, nakan ce magabata sun riga mu zana taswirar: wanda ya raɗa wa unguwa suna Rafin Atiku, wata kuma Tudun Wada, ya gaya maka inda ruwa ke bi. Na biyu shi ne zafi. A garin da ma'auni ke haura 40 a watan Afrilu, fili marar darbejiya ko ɗaya ba wanda zai taka shi.

Argungu kuwa matsalarta daban ce. Tana da Matan Fada, da bikin kamun kifi da ya faro a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016. Amma biki na 'yan kwanaki ne, ya ma taɓa tsayawa kimanin shekara goma kafin ya dawo a 2020. Sauran watannin fa? Kamata ya yi a auna tazarar da ke tsakanin unguwanni da bakin kogin da Gidan Tarihi na Kanta, a ga wa zai iya isa da ƙafa.

Sai dai kwamfuta ba ta san kunya ba. Ba ta san cewa matan aure ba za su zauna a fili da ke gefen tashar mota ba. Wannan sai an tambayi masu unguwanni da matan kansu kafin a ba kowane ma'auni nauyinsa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Ina roƙon ma'aikatar filaye ta nemi haɗin kan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, a fitar da taswirar a bainar jama'a, a sa wa wuraren hannu kafin a yanka sabuwar unguwa ta gaba.